Baƙar Giya Mai Cakulan da Tsamiya

Sunana Bulus, Kirista ne ni, daga kudancin Kaduna. Na faɗa tun da wuri don kada wani ya karanta rabi ya tashi neman lambata ya yi mini wa'azi. Alhaji Sumaila maƙwabcina ya riga ku. Shekara da shekaru yana yi, ya fi ku iya magana, kuma har yau muna gaisawa. A gidan dafa giya nake aiki, nan Manchester, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa ta wajen Cheetham Hill. Ba irin manyan kamfanonin nan da kuke gani a talabijin ba. Wuri ne kamar garejin bakanike, da tukwanen ƙarfe, da mai wurin, wani Bature Martin, sai ni. Idan jirgi ya wuce ta sama, kofuna har rawa suke yi.

Rubutu ba sana'ata ba ce, ban gama sakandare ba. Ku kuka sa ni, ku samarin da kuke tare ni a bakin coci a Rusholme kowace Lahadi. "Kawu Bulus, ka samo mana aiki a wurinku mana. Ai ku sha kawai kuke yi, a biya ku." Wani har da dafa mini kafaɗa, yaron da na ci shinkafar sunansa. To ku zauna ku ji yadda shan yake.

Ranar da na fara, ko kofi ban gani ba. Shebur aka miƙo mini. Giya daga tsiron sha'ir take. A ɓarza shi, a jiƙa a ruwan zafi cikin wata ƙatuwar tukunya, a tace ruwan mai zaƙi a kai shi wuta. Abin da ya rage dusa ce, jiƙaƙƙiya, tana tururi, nauyinta kamar yashin rafi. Dole wani ya kwashe ta. Wanin nan ni ne. Ka durƙusa a bakin wata 'yar ƙofa, tururi na marin fuskarka, ka cika manyan robobi, ka ja su waje, wani manomi ya zo da mota ya kai wa shanunsa. Ban taɓa ganin shanun ba, amma na tabbata sun fi ni jin daɗin sana'ar nan.

Daga dusa sai wankin ganga. Gangar ƙarfe ce mai tumbi, a cika ta a kai pub, wato mashaya, a shanye, ta dawo wurinka. Da me take dawowa? Guntun taba. Dodon koɗi. Na taɓa fito da safa, ƙafa ɗaya, har yau ina tunanin mai ita. Da soda ake wankewa, irin mai cin fata, ga tabonta nan a bayan hannuna ga mai son gani. Idan ka gama, ka haska tocila ta ramin ka duba, sannan ka kafa hanci ka shaƙa. 'Yan'uwana a gida suna cewa Bulus yana Ingila yana aikin kamfani. Bulus yana Ingila yana shinshina ramin ganga.

Wanda ya koya mini aiki wani tsoho ne, Derek, mai haƙori uku da kofin shayin da ba a taɓa wankewa ba. Ba ya bayani. Sai ka yi ɓarna tukuna. Ku ji yadda ya koya mini buɗe ganga. Irin giyarmu da ranta take shiga ganga, yis, wato abin da ke sa ta tashi, yana ci gaba da aiki a ciki. Don haka sai a kwantar da gangar a kan katako a bar ta, laka ta sauka ƙasa ta kwanta, giyar ta washe. Daga nan ba mai motsa ta. A huda ta sama, a sa wani ɗan tsinken katako, iska ta fita a hankali. Sai ta huce sannan ka ɗora famfo a bakinta, ka ɗaga gudumar katako, ka buga sau ɗaya da zuciya ɗaya. Derek ya miƙo mini famfo da guduma. Maganar tsinke bai yi ba. Ya ɗauki shayinsa ya koma can bakin ƙofa. Ni kuma ina tsoron fasa kayan mutane, sai na ɗan ƙwanƙwasa kamar mai sallama. Giya ta taso. Ta shiga idona, ta shiga kunnena, ta bugi rufi ta dawo mini a ka. Da ta lafa, Derek ya kurɓi shayi ya ce, "Yanzu ka iya."

A tram, jirgin cikin gari, ba wanda ya zauna kusa da ni. Na iso ƙofar flat ɗinmu na tarar da Alhaji Sumaila zai tafi masallaci. Mutumin Kumasi ne, direban tasi, shi da iyalinsa suna ƙasa, ni da matata Rahila muna sama. Ya ja da baya ya tattare rigarsa.

"Bulus, sha ka yi ko wanka?"

"Aiki na yi, Alhaji."

"To Allah ya canza maka aiki. Bi ta can, ina da alwala."

Na daɗe ina wanki kafin a miƙo mini kofi, kuma da aka miƙo sai na gwammace shebur. Ɗanɗanon aiki da safe ake yin sa, ciki ba komai, daga tankin da giyar ba ta gama nuna ba. Ba sanyi, ba kumfa, wani lokaci da ɗumi-ɗumi kamar ruwan wanke shinkafa. Ba daɗi ake nema ba, laifi ake nema, kamar surukar da ta zo duba ɗaki. Ka ɗaga kofi ga haske. Ka juya shi, ka sa hanci. Ka kurɓa, ka zagaya da ita baki, ka haɗiye, don ɗacin giya a maƙogwaro yake fitowa. Idan ta yi warin man shanu, yis bai gama aikinsa ba. Idan ta yi warin jiƙaƙƙen kwali, iska ta shiga. Idan ruɓaɓɓen ƙwai ne, a ƙara mata lokaci. Idan kuwa ta yi tsami irin na tumbuɗin jariri, to wani bai wanke kaya da kyau ba, kuma kowa ya san wa ke wanki a gidan.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne maganar yaji. Wata safiya na ce giya lafiya lau, Derek ya kurɓa ya kusa amai. Ya dube ni ya ce me na ci. Na ce tuwo da miyar kuka, da yaji kamar yadda mutane ke ci. Daga ranar aka kafa mini doka. Ranar ɗanɗano ba yaji, ba albasa, ba turare, ko man goge baki sai marar ƙarfi. Rahila ta ɗumama tuwo, ƙamshi ya cika gida, ni ina zaune da busasshen burodi da ruwa kamar ɗan fursuna. Ga GP kuma, likitan unguwarmu, duk zuwa sai ya tambaye ni kofi nawa nake sha a mako. In ce masa aiki ne. Ya gyaɗa kai, ya ce kowa haka yake cewa.

Masu saye kuwa, ranar Asabar ake buɗe musu ƙofa su zo su sha a wurin. Martin ne ke zubawa, ni kwashe kofuna nake yi. Maza masu gemu, kowa da karensa. Mutum ya sa hanci a kofi ya lumshe ido ya ce yana jin ƙamshin tsohuwar kujerar fata. Wani ya ce shi kicin ɗin kakarsa yake ji. Ni da na wanke tankin na san abin da ke ciki, ba kujera ba kaka. Idan ɗayansu ya ce a ba shi ya ɗanɗana kafin ya saya, sai Martin ya ɗiga masa kamar maganin ciwon ido. Ni sai in kau da kai. Kunya nake ji a madadinsa.

Sai shekarar kullen korona ta zo. Aka rufe pub-pub, ganguna suka dawo mana a cike, kuma irin giyarmu ba ta jira. Muka zubar. Martin yana tsaye da waya yana ɗaukar bidiyo, don masu haraji su yarda zubarwa aka yi ba sha ba. Ni na jiƙa, ni na kwashe dusa, ni na wanke gangar, ni na cika ta, ni na buɗe ta a bakin kwata, sannan ni na sake wanke ta. Derek ya ce gwiwarsa ta gaji, ya koma wajen 'yarsa a bakin teku. Ya bar mini guduma, ya tafi da kofin shayinsa. Da aka buɗe gari kuma, gas da lantarki suka hau. Maƙwabtanmu biyu masu irin sana'armu a ƙarƙashin gadar suka rufe, ɗaya ya zama wurin ɗaga ƙarfe.

Martin ya ce mutane sun daina son giya tsurarta, sai mai abin mamaki. Wasu na sa mangwaro, wasu kek, wani ma gishiri. Shi sai ya dafa baƙa, da sha'ir da aka gasa har ya yi baƙi, ya zuba ɓarzajjen koko, ba na sha da ƙosai ba, don ta yi ɗanɗanon cakulan, ya ƙara wasu jajayen 'ya'yan itace nasu na nan. Ya miƙo mini kofi. Paul yake ce mini, wai Bulus ya yi masa nauyi a baki.

"Paul, me ka ji?"

"Oga, idan wani ya yi tari a gidanmu zan zo in ɗiba."

Ya zauna a kan ganga ya riƙe kai. Na ce masa zaƙi ya haɗu da zaƙi, ba mai tsawata wa wani. Abu mai tsami take so. Ya ce lemon tsami? Na ce tsamiya. Bai san ta ba, amma ba shi da wata dabara.

Hajiya Rabi, matar Alhaji Sumaila, tana da shagon kayan miya a Cheetham Hill. Na je na ce ta haɗa mini duk tsamiyar da ke shagon. Ta fara jawo buhu tana dariya.

"Kai, Bulus, biki za a yi? Kunun mutum nawa ne haka?"

Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma bakina ba ya shiru.

"Giya za mu dafa, Hajiya."

Ta saki buhun kamar ta taɓa garwashi. "Da tsamiyata? Tsamiyar da mutane ke buɗa-baki da ita?"

"Ai ba sunanki a jiki."

"Allah ya san sunana. Fita. Ka gaida Rahila."

Sai a wajen wani ɗan Indiya mai sayar da sari na samo, shi bai tambayi komai ba. Na zauna na ɓare ta, na jiƙa, na cire ƙwallo da zare, na tace da hannuna har yatsuna suka yi fari. Muka dafa kaɗan na gwaji, abin da zai cika ganga ɗaya da ɗan ragowa a tanki.

Ranar da ta nuna, ragowar muka ɗanɗana. Ta zubo baƙa ƙirin. Ka ɗaga ta ga fitila ba ka ganin komai sai ɗan ja-ja a gefen kofi. Kumfarta ruwan ƙasa, mai kauri, ba ta saurin kwanciya. A hanci koko ne ke fara isowa, da ƙaurin gasasshen hatsi irin na ƙanzo. A baki zaƙi ne da farko, yana kwanciya a harshe kamar zai kwana. Kana shirin cewa ya yi yawa, sai tsamiya ta taso ta gefen harshe ta tsinke shi, yawu ya kawo. Ka haɗiye, ɗaci ya biyo baya, ɗan kaɗan kamar na goro, sannan ɗumi ya sauka a ƙirji. Ɗumin nan shi ne kawai gargaɗinta. Ƙarfinta ya ninka na giyar yau da kullum, amma ba ta nunawa. Martin ya ajiye kofi, ya yi wata ashar ta murna, ya sumbace ni a tsakar ka. Ban so ba.

Nan ya gaya mini gaskiya. Za a yi taron masu giya a Birmingham. Akwai wata mata, Madam Janet, ita ke zaɓar wa pub masu yawa a can abin da za su sayar, kuma ta ce za ta biyo ta wurinmu da yamma ta ɗanɗana. Idan ta karɓa, ƙofa na buɗe. Idan ba ta karɓa ba, zai sayar da tukwanen, ni kuma in nemi wani aiki. Da wannan gwiwar tawa da wannan takardar tawa, kun san irin aikin da ya rage mini. Jidon kwali a sito, tare da yaran da suka girme ni a ƙarfi.

Muka kai gangar tun ana gobe, muka kwantar da ita, laka ta sauka. Da safe na buɗe ta da gudumar Derek, bugu ɗaya, ko ɗigo bai zuba ba. Wurin wani ƙaton zaure ne, ganguna jere a kan katako an lulluɓe su da jiƙaƙƙun tsummoki. Kowa ya shigo a ba shi kofi mai layi a jiki, iyakar inda za a zuba masa. Ana buɗe ƙofa sai ga wani ya zo da gudu ya ce motar council, hukumar gari, tana ɗaga wata farar mota a bayan gini. Motarmu ce. Martin ya cire rigar aiki ya jefa mini.

"Paul, mai son ɗanɗano ka ba shi ɗanɗano. Mai saye ka tsaya a layi. Yanzu zan dawo."

Bai dawo yanzu ba. Can ƙarshen gari suka kai motar.

Ranar ce farkon tsayuwata a gaban famfo, da mutane a gabana. Kuma giyata ce. To bari in gaya muku inda na fara ganin ana sayar da giya. Gwaggona Saratu burkutu take dafawa a ƙauyenmu, ni ke yi mata itace ina yaro. A wurinta, mutum ya zo, kafin a yi maganar saye sai ta cika masa ƙwarya ta ce ɗanɗana. Ƙwarya, ba cokali ba. Ɗanɗanon da bai isa ciki ba zagi ne. Idan ya saya ya sha rabi, sai ta miƙo ludayi ta yi masa gyara. Macen da ba ta gyara, ita kaɗai za ta shanye tukunyarta, kuma a yi da ita a kasuwa. Kada wani ya ce ban san yadda Turawa ke yi ba. Na sani sarai, na sha gani. Ni dai ba zan ɗiga wa baligi giyata kamar ina ba ɗan tsako magani ba.

Na farko wani tsoho ne mai farin gemu da ƙaton tumbi, da gajeren wando cikin wannan sanyin, da jaka a baya. Colin sunansa. Ya karanta allo, ya ɓata fuska.

"Cakulan da tsamiya? Wa ya aike ku? Bari dai in ɗanɗana."

Na zuba masa rabin kofi. Ya dubi kofin, ya dubi dama, ya dubi hagu, kamar wanda ya tsinci waya a titi.

"Ɗanɗano na ce, abokina."

"Shi ne wannan, Baba."

Ya sha. Ya lashe baki. Ya sake sha. Ya ce a sayar masa. Na zuba har layi, na wuce layi, da ya sha ya ajiye na ƙara masa.

"Wannan kuma fa?"

"Gyara."

Na yi masa bayani da Turancin da nake da shi. Ya cire hularsa ya ce a duk yawonsa na wuraren giya ba a taɓa yi masa haka ba, kuma ƙasarmu tana da wayewa. Ya tafi. Ya dawo da mutum huɗu. Su ma suka tafi suka dawo da nasu.

Kafin azahar layi ya kai bakin ƙofa. Wasu sun saya. Wasu ɗanɗano kawai suke yi, su zagaya, su cire hula ko su sa tabarau, su dawo su ce ba su taɓa jin irinta ba. Ina gane su. Amma a gidan gwaggona ba a tona wa mai sha asiri. Wani mai gemu da ke tsaye a gangar kusa da ni ya leƙo ya ce, "Abokina, za ta ƙare maka fa." Na ce ya kula da tasa, wadda tun safe ba wanda ya tambaya. Colin kuwa ya kafa kujera kusa da ni ya zama ɗan kamasho. Duk wanda ya wuce sai ya jawo shi. Na faɗa muku giyar ba ta nuna ƙarfinta. Can sai ga manyan mutane, masu jikoki, sun dafa kafaɗar juna suna waƙa. Wani ya zauna a ƙasa ya jingina da bango yana gaya wa kowa yana son matarsa.

Da la'asar sai ga Martin, gumi sharkaf, tare da wata mata doguwa mai furfura da tabarau a wuya. Madam Janet. Ya ga layi, fuskarsa ta washe. Ya karɓi kofinta da kansa ya miƙo mini.

"Paul, zuba wa Madam."

Na murɗa famfo. Ya yi tari. Ya ɗiga sau biyu. Ya tsaya.

Martin ya ƙwanƙwasa gangar da yatsa, ta amsa masa kamar kurtun da ba komai a ciki. Ya dube ni. Kunnensa ya yi ja.

Ni ban ga abin tashin hankali ba. A wurin gwaggona, ƙasan tukunya, mai kaurin nan, shi ake ajiye wa manyan baƙi. Na kama gindin gangar na ɗaga. Na ji Martin ya ce "Paul, kada," amma ta riga ta taho. Laka ce, ruwan ƙasa, da yis da ɓarzajjen koko, tana saukowa a hankali kamar kunun da ya kwana. Na cika kofin, na miƙa mata da hannu biyu, na ɗan rusuna.

Turawa ba su iya ƙin abu a gaban mutane ba. Ta karɓa. Ta kurɓa. Ta riƙe a baki, idonta ya kawo ruwa. Ta tauna wani abu. Ta haɗiye, ta sa yatsa ta zaro zaren tsamiya daga haƙorinta, ta duba shi.

"Martin," ta ce, "wannan ce giyar da ka sa na baro ofis dominta?"

Martin ya fara haɗa magana ba kai ba gindi. Mota, council, ganga ɗaya. Ta ajiye kofin ta fara neman hanyar wucewa. Na ga tukwanenmu a bayan motar masu gwanjo. Na ga kaina da kwali a ka.

Sai Colin ya miƙe, yana tangaɗi.

"Madam, abin da kika sha ba ita ba ce. Ita tana nan." Ya bugi jakarsa.

Ashe duk gyaran da nake yi masa, da ya ji ya fara yi masa yawa, sai ya riƙa juyewa a gorar ruwansa zai kai gida. Ya fito da ita, a cike, baƙa ƙirin. Martin ya kusa durƙusa masa. Ya ce don Allah ya zuba wa Madam. Colin ya rungume gorar.

"Ta gida ce."

"Ɗanɗano kawai," in ji Martin.

Colin ya yi tunani. Ya kwance murfin gorar. Ya juya murfin, ya ɗiga a cikinsa, a hankali, yana rufe ido ɗaya kada ya wuce. Mutumin da na yi wa rabin kofi tun safe. Mutumin da ya ce ƙasarmu tana da wayewa. A murfi ya ba ta.

Na ce, "Baba, ba ka jin kunya?"

Ya ce, "Ni ba ɗan ƙasarku ba ne, abokina."

Madam Janet ta kuskure baki da ruwa. Ta shinshina murfin. Ta kurɓe. Ina ganin lokacin da tsamiyar ta iso, don gefen bakinta ya motsa. Ta miƙa wa Colin murfin ta ce a ƙara. Ya ce a'a. Ta juya ta dubi masu waƙa, ta dubi na zaune a ƙasa, ta dubi Martin.

"Ku dafa da yawa, ku turo mini ganguna." Ta nuna ni da tabarau. "Shi kuma kada ku turo shi."

A hanyar dawowa muka yi nisa a babbar hanya. Sannan Martin ya ce, "Ka gani ko? Murfi ɗaya ya isa." Na ce da ban yi gyara ba, me za a zuba a murfin? Ya ce da ban yi gyara ba, da akwai ganga. Muka bar ta a nan, kuma har gobe ban ga laifina ba. Aikina dai yana nan. Amma an kafa mini doka ta biyu bayan ta yaji: ba ni ba famfo idan akwai mai saye a wurin. Giyar tana tafiya Birmingham kowane wata. Ni ke ɓare tsamiya, ni ke kwashe dusa, ni ke ɗanɗanawa da safe ciki ba komai, ni ke wanke gangunan idan sun dawo. Wanda ke son aikin a cikinku ya zo ranar Litinin da takalmin roba.

Wata Asabar kwanan baya ina bayan gida da tiyo ina wanki, na ji ana tambaya a ciki, ina mutumin nan mai zubawa? Martin ya ce yana baya, kuma ba ya zubawa. Sai ga Colin ya zagayo ta cikin kwata da gajeren wandonsa. Jirgi ya hau tun daga Birmingham. Ya washe baki, ya kira ni ɗan'uwansa, ya waiga ko Martin na gani, ya miƙo mini kofi a ɓoye.

Na dubi kofin. Na dubi abin da ke hannuna. Na cika masa da ruwan tiyo har baki.

Ya tsaya yana kallona. Na ce ya sha. Ya kurɓa don kunya. Na yi masa gyara.